Yadda Ake Zaunar da Manyan Manhajoji da Yawa a Cikin Tsohuwar Kwamfuta Guda

Gabatarwa

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake bai wa manhajarsa ta Windows 10. Kafin nan ya yi wa Windows 7 haka a watan Janairun 2020, ita kuwa Windows XP tun a watan Afrilun 2014 aka yaye ta. Windows 11 da ta fito a shekarar 2021 ta zo da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin tebur na da ba za su iya cikawa ba. Sakamakon haka, na'urori da dama da ke ɗakunan koyon kwamfuta na makarantu, waɗanda lafiyarsu ƙalau, sun shiga tsaka mai wuya: ko dai a ci gaba da aiki da tsohuwar manhaja wadda aka daina toshe mata kafofin ɓarna, ko kuma a jingine na'urar a lungu ta yi ta shan ƙura.

Akwai wata mafita, wato a bar tsohuwar manhajar a inda take saboda ayyukan da ita kaɗai ta iya, sa'an nan a zaunar da wata sabuwa kusa da ita a cikin na'urar. Duk lokacin da aka kunna kwamfutar sai a zaɓi wadda za ta tashi. Wannan dabara ba ta bukatar sayen sabon kaya, amma tana bukatar fahimta, domin kuskure guda a wajen aiwatar da ita yana iya shafe duk abin da makaranta ta tara a cikin na'urar, tun daga sakamakon jarrabawa har zuwa rajistar ɗalibai.

Mece ce Babbar Manhaja?

Babbar manhaja ita ce uwar dukkan manhajojin da ke cikin kwamfuta. Ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da mai aiki da ita: tana karɓar abin da aka buga a allon rubutu, tana rarraba wa ƙananan manhajoji lokacin masarrafa da gurbi a ma'adanar wucin gadi, tana kuma kula da yadda ake jera fayil a kan babban faifai. Windows da Linux da DOS duk misalanta ne.

Hanyoyi biyu ne ake bi a haɗa fiye da ɗaya a na'ura guda. Ta farko ita ce ta kwamfutar kwaikwayo, inda wata manhaja kamar VirtualBox ke ƙirƙiro kwamfuta ta jabu a cikin ta gaskiya, baƙuwar manhaja ta zauna a ciki. Wannan hanya tana da sauƙi, sai dai tana da ci. Manhajojin biyu suna aiki ne a lokaci ɗaya, don haka dole su raba ma'adanar wucin gadi a tsakaninsu. Na'urar da ke da gigabayit 2 kacal, in aka raba ta haka, kowacce sai ta riƙa jan ƙafa. Bugu da ƙari, dabarun da ke sauƙaƙa wannan aiki ba su shiga masarrafan Intel ba sai a 2005, na AMD kuma a 2006, kuma ko bayan nan ba kowace masarrafa aka sa wa su ba.

Hanya ta biyu, wadda ita ce jigon wannan darasi, ita ce kowace manhaja ta hau ƙarfen na'urar kai tsaye. Ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, amma idan tana aiki, dukkan ƙarfin na'urar nata ne. Ga tsohuwar kwamfuta wannan ya fi dacewa nesa ba kusa ba.

Abin da ke Faruwa Idan an Kunna Kwamfuta

A daidai lokacin da aka danna maɓallin wuta, ma'adanar wucin gadi fanko take, babu komai a cikinta. Babbar manhaja tana kwance a kan faifai, kuma ba ta da yadda za ta ɗauko kanta. Saboda haka aka dasa wata 'yar ƙaramar manhaja a cikin wani guntun lantarki a kan uwar allon na'urar, wadda ake kira BIOS. Ita ce ke fara farkawa. Takan duba ma'adana da allon rubutu da sauran kayan ciki, kuma ƙarar nan ta "ƙit" da akan ji a wasu tsofaffin na'urori alama ce ta cewa binciken ya tafi daidai.

Daga nan sai BIOS ta nufi babban faifai. Ba ta san Windows ba, ba ta san Linux ba, ba ta ma san mene ne fayil ba. Abu ɗaya tak ta sani: ta karanto gurbin farko na faifan, ta zuba shi a ma'adana, ta miƙa masa ragama. Faifai a yanyanke yake zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi a tsofaffin faifai yana ɗaukar bayit 512, wato kimanin haruffa 512, abin da bai kai rabin shafin littafi ba. Wannan gurbi na farko ana kiransa MBR. An shigo da tsarinsa a shekarar 1983 tare da PC DOS 2.0, lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutar XT mai faifan megabayit 10.

Yadda aka kasa waɗannan bayit 512 abin lura ne ƙwarai. Bayit 446 na farko suna ɗauke da umarnin tayarwa. Bayit 64 da ke biye su ne jadawalin sassan faifai. Biyun ƙarshe kuwa hatimi ne, lambobin 55 da AA a lissafin goma sha shida, wanda idan BIOS ba ta gan shi ba sai ta ɗauka faifan ba na tayarwa ba ne. Duk wata rigima da ke tasowa tsakanin manyan manhajoji a na'ura guda, a kan wannan ɗan gurbi take, domin guda ɗaya ne a kowane faifai, kuma wadda ta rubuta umarninta a ciki ita ce za ta fara magana.

Za a iya kwatanta babban faifai da gidan gandu. Kowace manhaja tana da sashenta da ɗakunanta, amma zaure ɗaya ne, kuma duk mai shiga ta nan zai bi. Wanda aka zaunar a zauren shi ke nuna wa baƙo sashen da zai nufa. Idan mai adalci ne, sai ya ambaci dukkan mazauna gidan. Idan kuwa kansa kawai ya sani, sauran sassan suna nan da kayansu amma babu mai kai wa gare su.

Raba Faifai Zuwa Sassa

Kowane sashe yana cin bayit 16 a cikin jadawali. Idan aka raba 64 da 16 za a sami 4. Wannan ɗan lissafi shi ne dalilin da ya sa faifai mai tsarin MBR ba ya ɗaukar sassa na asali fiye da huɗu. Da bukata ta ƙaru, sai aka ɓullo da dabarar mai da ɗaya daga cikin huɗun ya zama faɗaɗɗen sashe, wanda za a iya sake yanyanka shi zuwa ƙananan sassa masu yawa. Windows ta fi son fayilolinta na tayarwa su kasance a sashe na asali, amma Linux ba ta da wannan fifiko, tana zama lafiya a cikin faɗaɗɗen.

Akwai kuma iyaka ta girma. An ware bit 32 ne don ƙidayar gurabe, wato gurabe 4,294,967,296. Idan aka ninka wannan da 512 za a sami bayit 2,199,023,255,552, kimanin terabayit 2. Abin da ya haura haka tsarin MBR ba ya ganinsa. Su ma tsofaffin BIOS suna da nasu iyakokin: na farkon shekarun 1990 sukan tsaya a megabayit 528, na bayansu a gigabayit 8.4, wasu kuma a gigabayit 137. Duk mai son ɗora wa tsohuwar na'ura sabon faifai babba ya kamata ya fara sanin shekarunta.

Alal misali, a ɗauka makaranta tana da kwamfuta mai ma'adanar wucin gadi gigabayit 2 da faifan da aka rubuta masa gigabayit 160. Abin da na'urar za ta nuna bai wuce 149 ba, kuma ba cuta aka yi ba: masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, kwamfuta kuwa da 1,024. Ana iya kasa shi kamar haka: gigabayit 30 ga Windows XP, 50 ga Windows 7, 30 a matsayin rumbun haɗaka, sauran 39 kuma su zama faɗaɗɗen sashe, inda Linux za ta ɗauki 35, a bar 4 don wurin musaya, wanda take jingina da shi idan ma'adanar wucin gadi ta cika.

Rumbun haɗakan nan yana da muhimmanci, domin kowace manhaja da irin tsarinta na jera fayil. Windows NT da zuriyarta suna amfani da NTFS tun 1993. Linux tana amfani da dangin ext, wanda na huɗunsa ya kankama a 2008. Linux tana karanta NTFS, tana kuma rubutu a kansa, amma su Windows XP da 7 ba sa gane ext4. Hasali ma, wani lokaci Windows takan nuna irin wannan sashe a matsayin wanda ba ta sani ba, har ta nemi a wanke shi. Ɗalibin da ya amsa mata da "to" ya hallaka Linux ke nan. Tsarin FAT32, wanda ya fito a 1996, kowa na gane shi, illarsa ita ce ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. Don ajiye takardu da hotuna ya wadatar; don manyan fina-finan koyarwa gara NTFS.

Wa ke Fara Shiga?

Ƙa'idar ita ce a fara da tsohuwa, a bi da sabuwa, a ƙare da Linux. Dalili kuwa a fili yake. Sabuwar manhaja ta san waɗanda suka gabace ta, tsohuwa ba ta san waɗanda za su zo bayanta ba. Windows XP tana tashi ne ta hanyar wata manhajar tayarwa mai suna NTLDR. Daga Windows Vista aka sauya ta da BOOTMGR. Idan aka saka Windows 7 bayan XP, za ta gane akwai wata a gidan, ta sa ta cikin jerin zaɓi. Idan aka juya tsarin, XP za ta maye gurbin sabuwar manhajar tayarwa da tata, Windows 7 ta ɓace daga gani ko da yake ko fayil ɗaya nata bai salwanta ba.

Haka kuma, duk Windows ɗin da aka saka a irin wannan na'ura takan rubuta umarninta a MBR ba tare da ta tambayi kowa ba, kuma ba ta lissafa Linux cikin mazauna gida. Shi ya sa ake barin Linux a ƙarshe, domin tana zuwa da mai tsaron zaure mai karɓar kowa. A shekarun 1990 LILO ce ta shahara, wadda Werner Almesberger ya fara a 1992, aka kuma daina bunƙasa ta a ƙarshen 2015. Wadda ta gaje ta ita ce GRUB, wadda Erich Boleyn ya fara rubutawa a 1995.

Tambayar da mai karatu zai iya yi ita ce, yaya manhajar da ke nuna jerin zaɓi, take kuma karanta tsare-tsaren fayil iri-iri, za ta shiga cikin bayit 446? Amsar ita ce ba ta shiga. Abin da ke cikin MBR ɗan tsani ne kawai, aikinsa ya ɗauko kashi na biyu da aka ɓoye a guraben da ke tsakanin MBR da sashen farko, shi kuma wannan ya ɗauko sauran daga cikin sashen Linux. Idan aka zaɓi Linux, GRUB da kanta ke loda ta. Idan aka zaɓi Windows, sai ta miƙa ragama ga manhajar tayarwar Windows ta koma gefe, kamar yadda ɗan aike ke kai baƙo ƙofar sashe ya yi masa sallama ya juya. A misalin da ya gabata, mai son XP zai ratsa jerin zaɓi biyu ke nan, na GRUB da na Windows 7.

Daga wannan bayani wani gargaɗi ya fito. Wanda ya gaji da Linux ya share sashenta daga cikin Windows, to ya share har da gangar jikin GRUB. Idan ya sake kunna na'urar, tsanin da ke MBR zai nemi abin da babu shi, kuma babu manhajar da za ta tashi, har da Windows ɗin. Maganin shi ne a fara mayar da umarnin Windows cikin MBR da faifan gyaranta, sa'an nan a yi sharar.

Wace Linux ce ta Dace?

Wannan ya danganta da masarrafa. Mai bit 64 tana da zaɓi da yawa, sai dai a nemi mai sauƙin nauyi kamar Lubuntu ko Debian mai fuskar Xfce. Mai bit 32 kuwa ƙofofi suna ta rufe mata: Ubuntu ta daina fitar da faifan sakawa na tebur domin irinta tun 2017, Debian ma ta bi sahu a fitowarta ta 13 a shekarar 2025. Ƙananan rassa irin su antiX su ne suka daɗe suna kula da waɗannan na'urori. Ga mai sha'awar tsofaffin manhajojin DOS akwai FreeDOS, wadda Jim Hall ya assasa a 1994, kyauta ce kuma ba ta cin wuri.

Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

Babban haɗari yana wajen rage girman sashen da ke ɗauke da kaya don a samar wa sabuwar manhaja wuri. Manhaja irin su GParted tana yin wannan aiki da kyau, amma yakan ɗauki lokaci, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, sashen na iya lalacewa ɗungurungum. A wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, bai kamata a fara ba sai an haɗa na'urar da batirin ko-ta-kwana, an kuma kwafe duk muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje, an buɗe kwafin an tabbata yana karantuwa.

Kuskuren suna ma yana nan. Linux ba ta kiran sassa da C ko D. Faifan farko sda ne, sassansa kuma sda1, sda2, haka har ƙarshe, ƙananan sassan cikin faɗaɗɗe kuma daga sda5 suke farawa. Ko gwanaye ba su tsira daga wannan ba. Linus Torvalds, wanda ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, yana da manhajar Minix a wani sashe na faifansa. Wata rana ya yi nufin kiran kwamfutar jami'a ta layin tarho, sai ya ba da sunan sashen faifai a maimakon sunan na'urar kiran, umarnin ya rubutu a kan Minix ya ɓata ta. Bai sake saka ta ba, ya ci gaba da gina Linux daga cikin Linux.

Sai batun agogo, wanda ke rikita mutane da yawa. A kan uwar allo akwai agogo mai aiki da ɗan batiri CR2032. Windows tana ɗaukar abin da ke cikinsa a matsayin lokacin gida, Linux kuwa a bisa al'ada tana ɗaukarsa a matsayin lokacin duniya na UTC, ta ƙara ko ta rage gwargwadon ƙasa. Nijeriya da Nijar suna gaba da UTC da awa ɗaya, saboda haka wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows zai tarar agogo ya koma baya da awa guda. Mai kwamfuta a Gana ba zai taɓa lura da wannan ba, domin lokacin ƙasarsu daidai yake da UTC. Umarni ɗaya na timedatectl a cikin Linux ya isa ya sa ta bi al'adar Windows.

Akwai wasu guda uku da ya kamata malami ya sani. Windows XP ba ta zo da direban AHCI na faifan SATA ba, don haka idan ba a mai da saitin BIOS zuwa IDE ba takan tsaya da shuɗin allo mai lamba 7B. Daga Windows 8 ta 2012 aka shigo da tashin gaggawa, wanda ke sa na'ura ta yi barci a maimakon ta mutu sosai, kuma Linux takan ƙi rubutu a sashen da aka bari a wannan hali. Kashe wannan saiti shi ne daidai. Na uku, daga GRUB 2.06 ta 2021, ɓangaren da ke neman sauran manhajoji, wato os-prober, a kashe yake zuwa a wasu rassan Linux, sai an kunna shi kafin Windows ta bayyana a jeri.

Ita kuwa tsohuwar Windows da aka bari, aikinta ya tsaya ga abin da aka bar ta dominsa, kamar tsohuwar na'urar ɗab'i ko wani kayan awo na ɗakin gwaji da ba shi da direba a sabbin manhajoji. Shiga intanet da ita ganganci ne. Wannan aikin Linux ne, tunda ita ake ci gaba da yi wa gyara.

Idan akwai halin samun faifai na biyu, to an huta da yawancin waɗannan matsaloli. A cire wayar faifan farko, a saka Linux a na biyu, a mayar da wayar. Kowane faifai yana da nasa MBR, babu mai taka na wani. Wajen kunnawa sai a danna maɓallin zaɓen faifai, wanda a na'urorin Dell F12 ne, a na HP kuma F9.

Na'urorin da aka ƙera daga wajen 2012 zuwa sama yawancinsu sun bar BIOS sun koma UEFI da jadawalin GPT, mai ɗaukar sassa har 128. A can kowace manhaja tana ajiye fayil ɗin tayarwarta a wani ƙaramin sashe na musamman, ba a kokawa a kan gurbi guda. Abin kiyayewa kawai shi ne a saka dukkan manhajojin a tsari ɗaya, ko duk na BIOS ko duk na UEFI.

Gwaji a Aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai MBR da idonsu ba tare da an taɓa komai ba. A tayar da kwamfutar daga filashin da ke ɗauke da Linux ta gwaji, wadda ke aiki ba sai an saka ta ba. A buɗe tagar umarni a rubuta:

sudo hexdump -C -n 512 /dev/sda

Wannan umarni karatu kawai yake yi, ba ya rubutu. Layuka za su bayyana, kowanne da bayit 16, sai dai inda layuka iri ɗaya suka jeru akan taƙaita su da alamar tauraro. Ɗalibai su nemo 55 da AA a ƙarshen layin ƙarshe. Daga nan su ƙirga baya bayit 64, su raba su gida huɗu, su faɗi sassa nawa ne ke da bayani, nawa ne kuma sifiri zalla. A kowane gida, bayit na farko idan 80 ne, sashen shi ne aka yi wa alamar tayarwa. Bayit na biyar kuma shi ke faɗin irin sashen, inda 07 ke nufin NTFS, 83 Linux, 82 wurin musaya. Idan aka ga EE a gidan farko, faifan mai tsarin GPT ne, sai a sake gwajin a wata na'urar da ta fi ta tsufa.